Kwano Biyu na Jar Shinkafa

Tun da na dawo daga Kebbe abokaina suka sa ni gaba. A sakatariya, inda nake aikin akawu sama da shekara ashirin, sai a tare ni a baranda: "Malam Bello, yaya hanyar take? Da gaske ne ba a bin ta bayan la'asar?" A majalisarmu ta bakin shagon tela kuwa tsokana ce zalla, wai mutum ya tafi har Kebbe ya kwana, ya dawo ba kifi ba zuma, sai 'yar shinkafa a ƙullin zane. Na yi ta ba su amsa guntu-guntu don ba na son zancen. Yanzu na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya in huta da maimaitawa. Amma in faɗa tun da wuri, ba labarin daɗi ba ne.

Saboda Baba na yi tafiyar. Mahaifina, Malam Garba, ya haura tamanin. A wata tunga ta bakin gulbi aka haife shi, Tungar Marke, can bayan Kebbe, ya zo Tambuwal yana saurayi ya zauna. A bazarar bana ciwo ya kwantar da shi, daga baya ya daina cin abinci. A asibiti suka ce mu koma gida, duk abin da ya yarda zai ci a ba shi. Matata Hajara babu abin da ba ta gwada ba: kunun tsamiya, fura mai ruwa-ruwa, farfesu, shayi mai kauri. Sai ya kurɓi cokali ɗaya ya juya fuska bango.

Wata safiya ina ɗaura agogo zan fita aiki ya kira ni.

"Bello, tuwon jar shinkafa nika so. Irin wanda Inna ka yi muna, da miyar sure da batso."

Sure dai yakuwa ce, batso kuwa daddawar da ake yi da 'ya'yanta. Waɗannan na san ba za su gagara ba. Na ce, "Baba, ai shinkafa ga ta nan buhu guda a ɗaki."

"Wagga fara? Wagga ba cimaka ta ba. Ba ta ƙamshin komi."

Na zagaye kasuwar Tambuwal, na hau babur na je Dogon Daji, babu. Matasan 'yan shinkafa ma ba su gane abin da nake nufi ba. Wata tsohuwa ce ta ce rabonta da ganinta tun ana kawowa daga wajen Kebbe. Na ɗauki hutun kwana biyu. Abin kunya, ina dab da shekara hamsin amma ban taɓa taka ƙasar da aka haifi ubana ba, alhali tafiyar ba ta kai ta Sakkwato ba.

Da sassafe na je tasha, da takalmin ofis da biro a aljihu, kamar mai zuwa taro. Mota ba ta cika ba, sai na zauna a teburin mai shayi. Kusa da ni akwai wani dattijo mai fataucin albasa, Malam Ɗanjumma, mutumin Kebbe, mai ɗan gemu da yawan magana. Ya dubi kofin da ke hannuna ya ce lokacin da yake yaro, in ka ga mutum da shayi to Buzu ne, ko wanda ya dawo daga Makka. Burodi kuwa direbobin manyan motoci ne suka koya wa mutane shi.

"Mu da ɗumame munka tashi, da fura," in ji shi. "Yanzu yaro in bai sha ruwan zafi da safe ba sai shi ce ba a ba shi komi ba."

Ni kuma da son a san na yi boko, sai na ce ai masara da rogo da gyaɗa da tumatir, har barkono, duk daga hayin teku aka kawo su, a makaranta muka karanta. Direbanmu yana tsaye yana sakace, ya ce ƙarya ce.

"Har tonka? To da mi kakanninmu ka yin miya?"

Dattijon ya fara lissafa masa da yatsu: kuka, kuɓewa, sure, kalwa, masoro, kimba, citta. Ya ce waɗannan su ne 'yan gida, sauran duk baƙi ne da suka daɗe har aka manta. Na tambaye shi shinkafa fa? Ya ce farar baƙuwa ce, da idonsa ya ga malaman gona suna raba irinta. Jar kuwa babu wanda ya kawo ta, a nan aka tarar da ita. Da na gaya masa abin da zai kai ni Kebbe sai ya ce Allah Ya sa a dace. Yadda ya faɗe ta bai yi mini daɗi ba.

Mu fuɗu aka cusa a baya, kamar yadda direban ya ce, biyu a gaba. Gwiwata tana cikin buhun wata mata har muka isa iyakar ƙaramar hukumarmu da ta Kebbe. A takarda wannan iyaka layi ce kawai, amma yanzu ta zama kamar ta ƙasa da ƙasa. An gindaya ganguna da buhunan yashi, kowa ya sauka ya wuce a ƙafa. Wani mai bindiga ya tambaye ni abin da zan je yi. Na ce neman shinkafa. Ya dubi takalmina, ya dubi birona, ya kira abokinsa ya zo ya ji.

"Wai shinkafa zai nema. Malam, ta ƙare Tambuwal?"

Sai da Malam Ɗanjumma ya sa baki ya ce baƙonsa ne ni, sannan aka bar ni na wuce ana dariya.

Daga nan dariya ta ƙare. Damina ta kusa, lokacin da ya kamata a ga mutane suna sharar gona suna kai taki, amma sai mu yi tafiya mai nisa ba mu ga kowa ba. Dattijon yana nuna hanyoyin da suka ratse yana faɗin sunayen tungayen da suka tashi saboda 'yan bindiga. A daidai irin wurin nan tayarmu ta fashe. Ban taɓa ganin an canza taya da sauri haka ba. Fasinjoji suka ɗaga motar da hannu don jak ɗin ya ƙi, matar nan mai buhu tana ta salati. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na sami kaina a tsugune bayan wata sabara, wai ina duba hanya. Tsoro ne kawai, kuma kowa ya gane.

Abin da na fara lura da shi a Kebbe gaisuwarsu ce. Mu a Tambuwal in baƙo ya zo sai a ce yaya mutanen gida. Su kuwa kafin komai sai su ce, "Hanya lafiya? Ba ku ga kowa ba?" Sai ka amsa wannan sannan a tambayi iyali.

A kasuwa na kusa yin abin kunya na biyu. Wani ya auno mini shinkafa mai duhu-duhu ya rantse ita ce, har na sa hannu a aljihu. Malam Ɗanjumma, wanda ya bar albasarsa ya biyo ni, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza ya tofar. Ya ce fara ce aka turara ta daɗe a wuta. Muka bi rumfa-rumfa har rana ta karkata, babu. Wasu suka ce an daina nomanta don ba ta cika buhu kamar fara, wasu suka ce fadamun da take so su ne yanzu ba a iya zuwa. A ƙarshe dattijon ya tambaye ni sunan tungarsu Baba. Da na faɗa sai ya ce mutanen Tungar Marke ai suna nan cikin gari shekara biyu ke nan, a wasu shagunan da ba a gama ginawa ba. Ya ce in bari sai da safe ya kai ni.

Na sauka wurin Malam Sani, abokin karatuna da ke koyarwa a can. Ɗakin zaurensa ya share mini, da tabarma da buta. Matarsa ta aiko da hoce, wainar dawa mai tauri da ake gasawa, da miyar sure wadda ta sha batso. Ni da aka saba mini da ɗan dunƙulen kanti, warin ya buge ni tun kafin a buɗe kwano. Malam Sani yana ta dariya, ya ce da wannan aka yi ƙashin ubana. Ya ce tsofaffi suna cewa batso dabarar matan da ba su da ɗorawa ce: wadda ba ta sami kalwa ba sai ta dafa 'ya'yan sure ta rufe su ruɓa, ta sami abin miya. Na ci don kunya, daga baya kuma na ci don daɗi. Matar ta ƙulle mini curin batso uku in kai wa Baba.

Da hantsi Malam Ɗanjumma ya kai ni shagunan. Babu ƙofofi, an rataya buhuna da tsofaffin zannuwa. A na ƙarshe muka sami wata tsohuwa 'yar firit tana tsinke zogale, ana kiranta Inna Kulu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ɗan Garba ne, Garba na Dije.

Ta ajiye tiren. "Garba da yat tafi Tambuwal? Shina da rai?"

Na ce yana nan, amma yana kwance. Ta ce tana 'yar yarinya ya bar tunga, kuma kakata Dije ce ta koya mata riƙon taɓarya. Ta yi ta tambayata mutanen da ban sani ba, ni ma na kasa ba ta labarin kowa. Da na faɗi abin da Baba yake so sai ta ce in zauna sosai.

Ta ce ita ma a bakin kakarta ta ji. Can da, kafin a kafa tungar, shinkafar ciyawa ce kawai a bakin gulbi, agwagin ruwa ke cin ta. Wata shekara gero ya ƙi, sai mata suka bi tsuntsayen, suna shiga ruwa da ƙwarya suna kaɗe zangarniyar a ciki. Wahalarta ita ce da ta nuna sai ta zube, in ka makara kwana biyu ka tarar da kara. Sai matan suka riƙa lura da 'yan tsirarun da ke riƙe 'ya'yansu, suna ware su, suna watsawa in ruwa ya kusa. Uwa ta ba ɗiya, ɗiya ta ba tata, har ta zama abin nomawa.

"Ita ba ta tsoron ambaliya," in ji ta. "Ruwa na tashi tana tashi, ko ya wuce kan mutum. Farar ga da kuka ci, kwana ukku cikin ruwa ta mutu."

Ta shiga bayan buhun da ya raba shagon, ta jawo wata 'yar tukunya da aka liƙe bakinta da laka. Ta ce ranar da suka gudu ba ta ɗauki tufafi ba, wannan ta ɗauka. Ta fasa liƙin. Shanshera ce, shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, an cuɗe ta da toka saboda ƙwari. Ta murje ƙwaya ɗaya a tafin hannuna, sai ga ta ja kamar goro. Ta auna, kwano biyu cif, ta juye a wani tsohon zanenta.

Na zaro kuɗi. Ta ture hannuna kamar na miƙo mata garwashi.

"Iri ba a saida shi, ɗana. Ba ni anka yi, ba ka nika yi. Kwano guda na tukunya, ka kai ma Garba. Guda na ƙasa. Ku kuna da fadama, kuna da kwanciyar hankali. Damina biyu ke nan ba ta ga ƙasa ba, in ta ukku ta wuce ta mutu cikin tukunya. Na tambayi matan tungarmu duka, babu mai sauran ko ƙwaya. In ka girbe ka maido min zanena da kwano guda ciki."

Na ce in Allah Ya so. Matata 'yar Sanyinna ce, 'yan'uwanta suna da fadama, abu mai sauƙi.

"Kuma a turmi za a sussuke ta, sannu-sannu, ɓawon kawai za a fidda. Jan nan shi a daɗin. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji, ba zan ce ban ji ba. Sai dai a lokacin wayata tana ta ruri a aljihu, idona yana kan agogo. Hajara ce, ta ce tun jiya ko ruwa Baba bai karɓa ba, in yi sauri.

Komowar ba ni da abin faɗi a kanta. Na rungume ƙullin a cinya, a shingen nan mai bindigar ya gane ni ya ce, "A'a, an samo?" Ban ko yi murmushi ba. Muka shigo Tambuwal ana kiran azahar.

A bayan tasha akwai injin casar shinkafa, kullum ta gabansa nake wucewa. Da na ji ƙararsa sai lissafi irin namu na 'yan ofis ya zo mini. Turmin gidanmu ya daɗe da zama kujera. Kafin a nemo taɓarya, a daka, a sheƙe, a sake dakawa, magariba ta yi. Inji kuwa minti biyar. Na shiga na ce a casa mini kwano ɗaya.

Mai injin ya leƙa zanen ya yi dariya. "Malam, kwano guda ai cikin injin zai ɓace, ba ka ganin komi. In dai kana so ta fito, zuba duka."

Ina so in ce na daɗe ina tunani. Ban daɗe ba. Na ce a raina Baba ne a gaba, iri kuwa a sake nemowa, alhali da kunnena na ji ta ce babu saura. Na juye duka biyun.

Abin da ya fito ta bakin injin fari ne fat, kuma duk ya kakkarye. Jan ya bi ɓuntu da dusa ta bututun baya, ya sauka a kan tulin da awaki ke tonawa. Mai injin ya ɗebo a hannu yana nuna mini da alfahari: "Ka gani? Tas, kamar 'yar waje."

Hajara ta kwance zanen a tsakar gida, ta duba, ta dube ni. Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ai da ka kawo min. Gidan maƙwabciyarmu Inna Hassi akwai taɓarya." Ta ɗauka ta shiga madafa.

Da miyar ta fara tafasa ƙamshin batso ya cika gidan. Baba, wanda ya kwana biyu bai buɗe ido sosai ba, ya ce a tayar da shi. Na jingina shi da ƙirjina, Hajara ta ajiye kwano ta buɗe. Ya daɗe yana kallon tuwon. Ya gutsura da kansa, ya taɓa miya ya kai baki. Ya yi loma ta biyu. Sai ya tsame hannunsa.

"Miyar ita ta," ya ce. "Allah Shi yi muku albarka." Ya ɗan huta, sannan ya ce, "Bello, har can ma babu ko? Ta ƙare?"

Hajara ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce, "Babu, Baba. Na duba ko'ina."

Ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake zato ke nan, ya ce a kwantar da shi. Bai sake neman wani abinci ba. Bayan kwana tara ya rasu, ranar wata Laraba da hantsi. Allah Ya jiƙansa. Na yi kukan rashinsa kamar kowane ɗa, amma abin da ke cina daban ne, kuma ban taɓa gaya wa 'yan majalisa ba sai yau: ya tambaye ni gaskiya a kan abin da ya fi so, na yi masa ƙarya don in tsira da mutuncina.

Hajara ta je bayan injin da rariya ta tankaɗe tulin nan ko za ta tsinci ƙwayar da ta tsira. Ta dawo da ɓuntu a gashin ido, ba ta sami komai ba. Ta wanke zanen ta ninke ta ba ni, na kai ofis na sa a durowa don ba na son ganinsa a gida.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a ofis aka ce ina da baƙo. Malam Ɗanjumma ne, da warin albasarsa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce Inna Kulu ma ta ce a yi mini, ta yi kuka da ta ji. Sannan ya gyara zama, fuskarsa ta saki.

"Ta ce in tambaye ka, shinkafar ta tsiro? Ta gaya ma matan tungarsu duka cewa shinkafarsu tana Tambuwal wurin ɗan Garba. Har sun fara rabon wadda za a ba in an girbe. Mi zan ce mata?"

Na jawo durowa na fito da zanen na ajiye a kan tebur. Ya sa hannu ya taɓa shi, ya ji ba komai a ciki. Ya janye hannunsa ya dube ni.

Na ce, "Kada ka ce mata komai, Malam. Ka tsaya mini wuri a motar gobe. Ni zan kai mata zanenta."